Bakin kogin Yamai, inda ruwa ke zuwa ta gaba da ta baya

Matafiyin da ya taso daga Damagaram ko Maraɗi, ya biyo gudron ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ba ya ganin kogi sai ya kai tsakiyar Yamai. Amma tun a Sore, ƴan kilomitoci kafin shiga birni, akwai wani kwari da hanya ke ƙetarewa, wanda da rani direba ba ya ko waiwayarsa. Cikin watan Agusta na 2024 wannan kwarin ne ya cika ya shafe hanya, manyan motocin dakon kaya da na mai suka yi jerin gwano suna jira, aka koma ƙetarar da mutane da kwale-kwale, babban birnin ƙasa ya wayi gari kamar tsibiri. Abin lura a nan shi ne, ruwan da ya yi wannan aiki ba na kogi ba ne. Ruwan sama ne da ya zuba a kan tudu, ya gangaro yana neman hanyarsa ta zuwa kogi, a daidai lokacin da idon kowa ke kan kogin shi kansa.

Wanda ke son fahimtar Yamai sai ya tsaya a kan gadar Kennedy da hantsi. An buɗe ta a 1970, kuma ko da yake an ƙara wasu gadoji biyu daga baya, a 2011 da 2021, har yanzu ita ce ke ɗauke da ɗalibai da masu babura da ƴan tireda da raƙuma masu dakon kaba. Ta hagu birni ne a kan tudu, da ofisoshin ministoci da bankuna da manyan otal. Ta dama kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, wadda Zabarmawa suka sa wa suna Harobanda, wato bayan ruwa. A wannan wuri ne ake auna tsawon kogin Isa da sanduna masu zanen santimita, aikin da aka soma tun 1929. Daga lambar da aka karanta ake fitar da launin gargaɗi: idan ruwa ya kai santimita 530, rawaya ke nan, a 580 ruwan goro, a 620 ja. Hukumar kula da kogin, wato ABN, wadda mazauninta ke nan Yamai, da ma'aikatar ruwa ta ƙasa su ke sanar da wannan, gidajen rediyo da talabijin su maimaita da Faransanci da Zabarmanci da Hausa.

Sai dai lamba ɗaya ce ake karantawa, alhali kogin sau biyu yake cika a shekara, kuma cikar biyu ba halinsu ɗaya ba. Akwai cikar da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini. Ruwan da ya zuba can da damina sai ya gangara Mali, ya bazu cikin manyan fadamu da tafkunan yankin Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sa'an nan ya iso Yamai cikin sanyin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ba ko ɗigon ruwa a sama. Wannan baƙo ne mai aiko da saƙo. Ana ganin wucewarsa a tashoshin awo na Mali makonni kafin ya iso, ana iya cewa ga ranar zuwansa, ga kuma gwargwadon tsawonsa, kuskuren ba ya yawa. Ɗayar cikar kuwa ta damina ce, wadda ake kira jar cika saboda launin lakar da take ɗaukowa. Tana fitowa daga rafuka uku da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso, su ne Goruwol da Dargol da Sirba, tare da ƙoramun da ke kewaye da birnin. Ita ba ta sallama. Hadari biyu ko uku masu nauyi a jere cikin Agusta sun isa su ɗaga kogi a ƴan kwanaki, kuma bakin Sirba bai fi kilomita sittin daga Yamai ba.

Dattawan Sorkawa sun tashi sun tarar cikar hunturu ita ce babba, ta damina ƙanwarta. Yanzu abin ya juye, a shekaru da dama jar cika ce ke fin tsawo. Dalilin yana da ban mamaki, domin ya samo asali ne daga fari. Bayan yunwar 1973 da ta 1984 itatuwa sun mutu, an sare na sarewa, an daina barin gona ta huta, ƙasa mai yawa ta zama fako. Ruwan da a da yake nutsewa, yanzu gudu yake a kan fakon, ya kwashi yashi ya zuba cikin kogi. Yashin ya cike ƙasan kogin, ganuwar ƙasa da aka gina don tare ruwa ta matse shi ta gefe, saboda haka ruwan da a da yake wucewa lami lafiya yau sai ya hau sama. Ke nan tsohon da ya ce ruwa bai taɓa zuwa ƙofar gidansa ba tun yana yaro gaskiya ya faɗa, amma kogin ƙuruciyarsa yake ba da labari.

Da an sauka daga gada ta Harobanda, sai a shiga unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Zarmagande. Nan jami'ar Abdu Mumuni take, nan kuma ƙananan ma'aikata da ƴan ci-rani da masu lambu suka sami fili mai araha suka yi gini. Tsakaninsu da kogi akwai ganuwar ƙasa, wadda da maraice ke zama hanyar yawon shan iska da wurin shanya. A watan Agusta na 2012 ruwa ya kusa kai santimita 620, ya ci unguwanni da dama, aka ce ba a taɓa ganin irinsa ba. A 2019 ya zarce haka. A farkon Satumba na 2020 ya kai santimita 700, ya fasa ganuwa, ya shiga gidaje da makarantu da gonakin shinkafa, dubban mutane suka kwana a azuzuwan lakwal da tantuna. Har yau mai lura zai ga zanen ruwan shekarar a jikin wasu gidajen siminti, layi mai duhu wanda fenti bai gama rufewa ba. Gidajen laka ba su bar zane ba, don ba su tsaya ba.

Amma masifar mazaunin bayan ganuwa ba ta gaba kaɗai take zuwa ba. Idan kogi ya cika, dole a toshe magudanan da ke fitar da ruwan unguwa, in ba haka ba kogin ya biyo ta cikinsu. To, a wannan daren in aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan da ya sauko daga tudun da ke bayan unguwa ba shi da mafita, ganuwar da ta tare kogi ita ce kuma ta tare shi. Gaba damisa, baya siyaki. Ƙasa kuma ta riga ta ƙoshi, danshi yana hawa tushen katanga daga ƙasa, iskar hadari tana bugun ta daga sama, shaddodi sun cika sun haɗu da ruwan rijiya, sauro yana jiran nasa rabon cikin Satumba. Kowace ɗaya daga waɗannan tana da ofishin da ke lura da ita. Ma'aikatar ruwa tana faɗin tsawon kogi, ma'aikatar hasashen yanayi, wadda kowa ke kira meteyo, tana faɗin hadari, ma'aikatar lafiya tana faɗin zazzaɓi da kwalara. Kowa da takardarsa, kowa kuma yana da gaskiya. Sai dai magidanci ɗaya ne duka za su faɗa wa, kuma ana iya samun ranar da launin kogi rawaya ne kawai, amma hatsarin gidansa ya wuce ja.

Shawarar da ke gabansa ba ƙarama ba ce. In ya kwashe iyali ya bar gida, akwai kuɗin amalanke, akwai neman wurin sauka, akwai tsoron ɓarayi su kwance ƙofa da kwanon rufi. In ya zauna, ya sa ran ƴaƴansa a caca. Bayan ambaliyar 2012 hukuma ta ba wasu filaye a Seno, can kan tudu, amma da yawa sun komo bakin kogi, domin lambunsu da kamun kifinsu da kasuwarsu duk a nan suke. Ana yawan kiran wannan taurin kai a ofisoshi. Ba lalle ba ne. Mutum ne ya auna asarar da yake da tabbacinta, wato rasa abin yi, da asarar da aka ce masa watakila ta zo, ba a kuma gaya masa girman wannan watakilar ba.

Haka abin yake a gandun shinkafa na Saga, ƙasa da birni kaɗan, da na Kirkisoy da ke fuskantarsa, waɗanda ma'aikatar ONAHA ke kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. Sau biyu ake noma a shekara. Na damina ana dashe cikin Yuli zuwa Agusta, wato manomi yana zuba irinsa da takinsa, sau da yawa na bashi, gab da zuwan jar cika. Na rani kuma dashensa yana faɗawa kusa da ƙarshen cikar hunturu, wadda a shekarar ruwa takan tarar da ganuwar da damina ta riga ta raunana. Wanda ya ji tsoro ya ƙi dashe, kuɗin ruwa na ƙungiya yana nan yana jiransa, tukunyar gida ma haka. Irin wannan manomi ba ya bukatar a gaya masa cewa kogi yana da hatsari, ya fi kowa sani. Abin da yake so ya ji shi ne: bana hatsarin ya fi na bara ko bai kai ba, kuma da nawa?

Amsar wannan tambaya, gwargwadon yadda ɗan Adam zai iya ba da ita, a wannan gaɓar kogin ake shirya ta. Kusa da jami'a akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari. A tsallake kuma akwai ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka. Tun 1998 masana na yankin ke taruwa kowace shekara kafin faɗuwar damina, su duba ɗumin ruwan teku da tafiyar iska, su fitar da hasashe. Yadda suke yi yana da sauƙin ganewa in an bi a hankali. Ana ɗaukar daminar shekaru 30, daga 1991 zuwa 2020, a jera su, a raba uku: goma mafi ruwa, goma matsakaita, goma mafi ƙarancin ruwa. In ba a san komai ba, kowane kashi yana da rabo ɗaya bisa uku. Aikin masana shi ne su ce bana ma'aunin ya karkata ta ina. Sai ka ga taswira mai lambobi uku a kan kowane yanki, a misali 50 da 35 da 15. Ma'anarsa, cikin shekaru ɗari masu irin alamun bana, hamsin za su zo da ruwa mai yawa, talatin da biyar matsakaici, goma sha biyar kuma ƙamfa. Wato ko a shekarar da aka yi bushara, ƙofar fari ba a rufe take ba. Sa'an nan jimillar ruwan damina ba ta faɗin yadda zai rabu: ana iya samun shekarar da shuka ta ƙone cikin Yuni don tsayawar ruwa, gidaje kuma su rushe cikin Agusta don yawansa.

To, a kan hanyar fita daga ofis ne lambobin nan uku ke zubewa. Takarda ta tashi da Faransanci, ta bi ta hannun minista da gwamna da perefe da magajin gari, ta isa gidan rediyo a fassara ta cikin gaggawa, ta ƙare a saƙon murya na WhatsApp. Abin da ke isa kunnen mai gona jimla ɗaya ce: an ce bana za a yi ruwa. In ruwan ya zo, shi ke nan. In bai zo ba, sai a ce meteyo ta yi ƙarya, baɗi ba mai saurarenta. Wasu kuma tun farko sukan ƙi maganar, don a kunnensu ta yi kama da da'awar sanin gaibu. Alhali masanin bai ce ya sani ba, alama ya karanta, kamar yadda manomi ke karanta zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo da juyawar iskar bazara, ya gyara gona, bai kuma ce ya ga gobe ba. Abin takaici shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba. Tana da matakan shakka kamar tsani: tabbas, da kyakkyawan zato, da alama, mai yiwuwa, watakila, da wuya, da ƙyar. Abin da ya rage shi ne a zauna a yanke cewa kaza cikin ɗari ga kalmarsa, a riƙe ta haka kowace shekara a kowace tasha, har kunne ya saba, kamar yadda ya saba da tiya da buhu.

Ƴan kasuwa ma ba baƙin wannan lissafi ba ne. Wanda ke sayen wake da kaka ya ajiye don kasuwar Najeriya, ko albasar Galmi don Abijan, bai taɓa samun tabbacin farashi ba. Yana duba alamu, ya tuna sau nawa irinsu suka ba da riba, sa'an nan ya raba ƙafa: ba ya zuba dukan jarinsa a sito ɗaya. Da za a yi masa maganar ambaliya da wannan harshe, da ya gane nan take. Akwai matakin da kuɗinsa kaɗan ne, kamar ɗora buhuna a kan katako, yashe magudana, kai takardun gida da na makaranta wurin ɗan'uwa a tudu. Wannan ya cancanci a yi shi ko da zaton ruwan bai fi biyu cikin goma ba. Akwai kuma mataki mai tsada, kamar kwashe sito ko tashin unguwa, wanda sai zato ya yi ƙarfi. Gargaɗin da bai ce wa mutum ga abin yi a wannan mataki ba, tsoro kawai ya raba.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar gargaɗi shi ma yana tsakanin wuta biyu. In ya ce a tashi ruwa bai zo ba, ya sha zagi, watakila har da tambaya daga sama. In ya yi shiru ruwa ya zo, abin ya fi muni. Shi ya sa sanarwa da yawa ke fitowa da lafazin da ba a iya kama mai shi da laifi, ana kira ga jama'a su yi hattara, ba unguwa, ba rana, ba awa. Irin wannan takarda tana kare wanda ya rubuta ta fiye da wanda aka rubuta dominsa. Faɗin gaskiyar shakka, a ce ga abin da aka tabbatar, ga wanda ake zato, gobe da safe za a sake magana, ya fi kare su duka biyun.

Akwai inda aka gwada wata hanya. Wanda ya bi hanyar Tera, ya ƙetare kogi a Fariye, inda gada ta maye gurbin tsohon jirgin fito, zai kai garuruwan bakin Sirba irin su Garbe Kuru da Ture. A nan ma'aikatun yanayi da ruwa na ƙasa, da taimakon masana daga Italiya, suka kafa tsarin gargaɗi na rafin. An sa na'urorin awo a sama, an auna ƙasar garuruwan, aka fitar da iyakar inda ruwa zai kai a kowane launi, daga kore zuwa ja. Amfanin wannan shi ne launi ya daina zama lamba a takarda, ya zama wuri: rawaya ta tsaya a lambuna, ja ta shiga gidajen da kowa ya san masu su. Ga kuma sa'o'in da ruwa ke ɗauka daga tashar sama zuwa gari, waɗanda suka isa a kwance dabbobi a ɗauke injin ban ruwa. Tsarin bai hana Sirba cika ba, kuma shi ma kogi kaɗai yake gani, ba ya ganin ruwan da ke sauka a kan rufin mutum.

Mutanen gabas kada su ɗauka wannan zancen ƴan bakin kogi ne. Maraɗin da ake gani yau a kan tudu, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da ita daga kwari, kuma ruwan Gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, yana iya isowa ranar da sama take tas. A Damagaram ba kogi, amma a farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19. A wannan shekarar masana sun yi hasashen damina mai ruwa tun watan Afrilu, kuma hasashen ya tabbata: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Watanni huɗu ne tsakanin fitar takardar da faɗuwar katangu.

Wanda ya komo gadar Kennedy cikin watan Mayu zai yi wuya ya yarda da duk wannan. Kogin ya janye ya bar tsibiran yashi, shanu suna ƙetarewa da ƙafa, masu wanki sun bi ruwa har tsakiya, sandunan awo na sama sun bushe suna tsaye a rana. A watan Yuni na 1985 kogin ya taɓa tsayawa cik a nan Yamai, abin da ya sa daga baya aka gina shingen Gudel don birni ya sami ruwan sha. A irin waɗannan makonni ne hasashen damina ke fitowa, a cikinsu ne kuma ake buga tubalin laka a Harobanda, don yumɓu na kusa kuma rana tana busarwa da sauri. Can ƙasan ganuwa magina suna ɗora sabon ɗaki a kan tushen wanda ya faɗi, wasu sun ƙara layi biyu na bulon siminti a ƙasa, wasu ba su ƙara ba.